Miliyan Biyun Kawu

Nahawun Larabci nake karantawa a jami'a, amma a gidanmu na unguwar Hajj Yusuf, a gefen Khartoum, duk wanda ya sa tabarau an ɗauka ya iya lissafi. Shi ya sa da maganar auren Yaya ta tashi, ba a tambayi ra'ayina ba aka miƙo mini littafi mai baƙin bango da biro. Wannan kafin yaƙi ne, lokacin da babbar damuwarmu ita ce layin burodi da farashin sukari.

Yaya raksha yake tuƙawa, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Shekara huɗu ya yi yana jan ta wani, yana kai masa kuɗin yini, kafin ya mallaki tasa. Tun rasuwar Baba ita ke ciyar da mu, ita ke biyan kuɗin motata zuwa makaranta. Kowace safiya sai ya wanke ta kafin ya sha shayi. A madubinta akwai carbin Baba yana lilo.

Ranar da ya kwashi adashensa, ya same ni a gindin bishiyar nim ta tsakar gida ina karatu. Ya ajiye leda a kan littafina.

"Dubu ɗari tara ne, Ustaza. Abin da na mallaka ke nan. Ki rubuta duk abin da za su ce, kada ki yi musu da kowa. Abu ɗaya kawai: kada raksha ta shiga littafin nan."

Na ce to. Ban iya musu da kowa ba dama.

Kwana huɗu na yi ina haɗa lissafin. Tunda ba na iya tambayar ɗan kasuwa farashin abin da ba zan saya ba, sai in tsaya bayan masu ciniki kamar mai jiran wani, in saurara, in koma gefe in rubuta. Haka na san kuɗin buhun sukari da jarkar mai a kasuwar Suk al-Shabi, da kuɗin hayar kujera ɗari. Babban abu shi ne shaila, kayan da ango ke kaiwa gidan amarya: tufafi, turare, kayan abinci. Na sa komai uku-uku. Tob uku, wato dogon mayafin da mata ke naɗawa, riga uku, takalmi uku. Rumfa a ƙofar gida, raguna biyu, ƙanƙara. Jimla ta kama dubu ɗari takwas da hamsin. Hamsin ɗin da suka rage na ware su gefe, domin a lokacin farashi yakan tashi tsakanin azahar da la'asar. Na ja layi biyu da rula a ƙarƙashin jimlar. Har yau ban taɓa rubuta shafin da ya kai wannan kyau ba.

Ranar Juma'a bayan cin abinci aka zauna. Akwai Inna, akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ba ta taɓa halartar bikin da ba ta gano abin da ya rasa ba. Akwai kuma Kawu, wan Inna, mai shagon tob a Kasuwar Umdurman, da farar jallabiya da wayoyi biyu. Aka ce in karanta. Ban wuce layi na uku ba Gwaggo ta ajiye kofin gahawarta.

"Uku? Ke mai tabarau, uku kika ce? Amarya za a kai wa ko marar lafiya a asibiti?"

"Gwaggo, abin da kuɗin..."

"Dangin amaryar mutanen Umdurman ne fa! Su ce 'yan Hajj Yusuf sun zo da kaya a leda? Ubanku ya yi shekara ashirin yana tsinkar audugar wasu a Jazira don kada a raina 'ya'yansa. Dozin-dozin za a yi. Kuma ba rumfa ba, sala za a kama, zauren biki mai sanyi, mai kujerar ango da amarya a sama. Da mawaƙiya. Da sa, ba raguna ba."

Yaya ya dubi ƙasa. Inna ta ce wa Gwaggo a hankali, "Yaron nan iya ƙarfinsa ke nan." Gwaggo ta ce ai ba shi kaɗai aka haifa a duniya ba, yana da dangi, ta kuma juya ta kalli Kawu kallon da ba ya buƙatar fassara.

Kawu ya gama tsotsar ƙashi, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"'Yar nan, rubuta. Miliyan biyu a wuyana."

Gwaggo ta saki guɗa har kajin maƙwabta suka watse. Inna ta share hawaye da bakin tob ɗinta.

A nan sai na yi bayani. Kafin in yi wayo an canza kuɗin ƙasarmu har sau biyu, ƙarshenta dai sifiri uku suka zube. Tsohuwar dubu ta zama jine ɗaya, wato fam ɗinmu, tsohon miliyan ya zama dubu. Takardun sun canza, bakin mutane bai canza ba. Manya suka ci gaba da kiran dubu miliyan. Da farko ba a ruɗewa, don ba wanda ke da miliyan na gaske. Sai tsada ta zo ta dawo da sifiran nan ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari idan mutum ya ce miliyan, ko dai kuɗin kifin gwangwani yake nufi ko kuɗin ɗaki da falo. Saboda haka kowane ɗan gari ya san tambayar da ake yi: da tsohon ko da sabon?

Ni ma na san ta. Tana kan harshena. A aji, da an ba ni jimla aka shafe mata sifa, da ni zan fara ɗaga hannu in ce akwai kalmar da ta ɓace. Amma Kawu ne, ga guɗa ba ta gama sauka ba, ga Inna na kuka. In tambaye shi a gaban ƙanwarsa ko dubu biyu yake nufi? Na ce a raina, mutum mai wayoyi biyu ba zai yi lissafin tsofaffi ba. Na rubuta biyu, na jera mata sifiri shida. Sannan na ɗauki fensir na sa 'yar ƙaramar alamar tambaya a gefe, ƙarama ƙwarai, yadda ba wanda zai gani ya ji haushi.

Daga ranar shafina mai kyau ya zama tarihi. Na buɗe sabo. Aka tsara cewa kuɗin Yaya su tafi a shaila da kafin alƙalamin sala, na Kawu kuma su biya cikon sala da mawaƙiya da sa da masu girki. Ko a nan ban bar halina ba, na ware rabin miliyan na ko-ta-kwana daga kuɗin da ban taɓa gani ba.

Muka hau mota zuwa Umdurman, ni da Inna da Gwaggo. Yaya bai kai mu ba, don an hana raksha hawa gada. Gwaggo ta shiga layin masu turare kamar mai karɓar haraji. Ta shinshina itacen sandal ta ce na jabu ne, ta saya. Takalmi goma sha biyu, jaka goma sha biyu. Na ce ko amarya na da ƙafa ashirin da huɗu, amma a cikina na faɗa.

Tob kuwa, ina za a saya in ba wurin Kawu ba? Ya sa aka kawo mana shayi da madara, ya zazzago kaya daga sama, ya ce saboda na gida ne dubu talatin-talatin. Na ƙirga masa dubu ɗari uku da sittin a hannu, sababbi, ya sake ƙirgawa. Muna nan wani mai saro kaya ya leƙo ya ce zai aiko masa da miliyan biyar gobe. Kawu ko ɗago kai bai yi ba.

"Bil gadim walla bil jadid?"

Da tsohon ko da sabon. Ashe ya san tambayar, har ya fi ni saurin yin ta. Na ajiye kofin shayin. Na buɗe baki, ya dube ni ya ce, "Ƙarin sukari?" Na ce a'a, na gode.

Saura kwana goma sha biyu biki, Kawu ya zo gida da ambulan mai kauri. Ya jira sai da matan unguwa suka cika tsakar gida suna tsince shinkafa, sannan ya ɗora ta a cinyar Inna. Aka yi guɗa, aka yi masa addu'ar da ta isa mutum uku. Aka miƙo mini in adana.

Na shiga ɗaki na buɗe. Ɗauri biyu ne na 'yan goma-goma, tsofaffin takardu masu laushi kamar tsumma, an ɗaure da roba. Ɗari a wannan, ɗari a wancan. Jine dubu biyu. Na ƙirga sau uku. Na juya ambulan na kaɗa ta. A satin nan kuɗin ba su sayen kilon nama.

Da Yaya ya dawo cin abincin rana na jera masa su a kan gado.

"Ba ki tambaye shi ba?"

"Na sa alamar tambaya."

Na nuna masa. Sai da ya kai littafin bakin taga kafin ya gan ta. Ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ce, "Wallahi kin sa."

Inna ta ce wanta ne, bakinta ba zai iya ba. Kuma me za a ce masa? Bai yi ƙarya ba. Miliyan biyu ya ce, miliyan biyu ya kawo. Gwaggo ta zage shi tas, shi da shagonsa, a bayan idonsa, sannan ta dawo kan abin da ya dame ta.

"An riga an gaya wa duniya sala. Ni da bakina na faɗa a gidan suna biyu da gidan makoki ɗaya. Nawa ne cikon?"

"Miliyan ɗaya da rabi," na ce. "Da sabon."

"Nawa raksha take yi?"

Kowa ya sani. Kusan hakan take yi.

"Ƙarfe ne," in ji Gwaggo. "Ana sayen wani. Mutunci ba a sayar da shi a Suk al-Shabi."

Washegari Yaya ya daɗe yana wanke raksha, har ƙarƙashin kujera. Ya kwance carbin Baba daga madubi ya sa a aljihu. Ya ce dillali zai zo ranar Asabar.

"Rubuta ta, Ustaza."

Na ja layi a shafin kuɗin shiga, na sa masa lamba, na bar shi babu komai.

Ranar Laraba Inna ta aike ni Umdurman in kai wa uwar amarya itacen sandal da za a haɗa turare. Ita Hajiyar, kisra take yi, wato siririyar gurasar dawa, tana sayarwa a bakin kasuwa, hannuwanta duk tabon wuta. Na same ta a gida zaune da tsohuwar kalanda a cinya, ta cika bayanta da lambobi. Firijinsu yana tsakar gida, an cire shi daga wuta, an goge shi fes. Na gane irin gogewar nan. Na gan ta jiya a jikin raksha.

"Sayarwa zan yi, 'yata," ta ce, da ta ga inda idona yake. "Tunda Gwaggonku ta aiko cewa dozin-dozin za ku kawo, ni ma dole in rama da karin kumallon ango. Tire ashirin, da kaji, da tantabaru, da turare a kai. In na aika tire biyar a ce mun ci kaya mun yi shiru."

Ta ga littafin a hammatata, don ko bayi ba na zuwa ba tare da shi ba a kwanakin nan. Ta ce in zauna mu gwada namu da nata. Da tambayata ta yi yaya shiri, da na ce alhamdu lillahi. Amma littafi ta ce in buɗe, shi kuwa littafi ba shi da kunya. Ta bi layukan da yatsa, ta tsaya a wanda babu komai.

"Wannan fa?"

"Raksha ce. Asabar za a sayar."

Labulen ɗaki ya motsa. Amarya, wadda aka ɓoye ana gyara ta, bai kamata kowa daga gidanmu ya ji ko tarinta ba, ta ɗago murya daga ciki.

"Ya sayar da raksha ya kai ni ina? Kujerun sala za mu ci?"

"Ke, rufe mana baki, amarya ba ta magana," in ji Hajiya. Sannan ta juyo gare ni. "Wa ya ce sala?"

"Gwaggo ta ce ku ba za ku yarda da rumfa ba."

"Ni kuwa ce mini aka yi ku ne ba za ku yarda ba. Ni da aka ɗaura mini aure a ƙarƙashin buhunan da aka ɗinke?"

Na juya baya na nuna mata shafina na farko, mai layi biyu da rula. Na karanta mata uku-uku, rumfa, raguna biyu. Tana ji tana gyaɗa kai kamar ana karanta mata wasiƙar ɗanta. Ta tambayi jimla, na ce dubu ɗari takwas da hamsin. Ta rufe ido tana mayar da shi lissafin da ta saba, sai ta dafe ƙirji.

"Miliyan ɗari takwas da hamsin! Kusan biliyan! Auren nan ma ai na manya ne."

Na zauna ina kallonta. Shafin nan ne dai da Gwaggo ta ce kayan marar lafiya ne.

Da na koma gida na gaya wa Inna da Yaya komai, a tsaye, ban cire takalmi ba. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a jere ba. Yaya ya ce to kayan da aka riga aka saya fa? Na ce ba a kai su ba tukuna, ana iya mayarwa. Inna ta ce masu takalmi da jaka za su karɓa ko da ragi, amma tob tara fa, wa zai kai wa Kawu? Dukansu biyu suka dube ni.

Alhamis da hantsi muka isa shagon, ni da ƙullin tob tara a ka, Inna a bayana kamar ba tare muke ba. Kawu ya saurara yana juya carbi. Ya ce kayan da suka bar shago ba su dawowa, wannan dokar kasuwa ce, amma jini ya fi doka. Ya faɗa da ƙarfi, don masu shagunan gefe su ji.

"Tara sau talatin. Dubu ɗari biyu da saba'in zan mayar muku."

Ya jawo aljihun tebur, wanda ake zuba canji. Na hango 'yan goma-goma a ciki. Tabarau ya zamo mini zuwa kan hanci. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, siririya ce kamar ta ɗan akuya.

"Kawu, da tsohon ko da sabon?"

Telan da ke gefe ya tsayar da kekensa. Mai shagon da ke fuskantarmu ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce, "Jininka ce, Alhaji, wallahi jininka ce!"

"Ke ba ki da kunya?" in ji Kawu.

"Ina da ita, Kawu. Ita ta kai mu nan."

Ya dubi Inna. Inna tana nazarin wani tob a sama kamar ba ta taɓa ganin shuɗi ba. Ya mayar da aljihun, ya ɗauki ɗaya daga wayoyinsa, ya tura kuɗin ta banki. Ya miƙo mini in gani. Na ƙirga sifiran da yatsa, a fili, ɗaya bayan ɗaya. Ba a kawo mana shayi ba ranar.

Saura Gwaggo. Na zauna na kwafe shafin farko a sabuwar takarda, ban canza komai ba sai rago ɗaya da na cire saboda kafin alƙalamin sala ya tafi ba dawowa. Kowace lamba na mayar mata da sifiranta uku na da. Na je gidanta na gaishe ta, na karanta. Tob, miliyan casa'in. Hayar rumfa da kujeru, miliyan sittin. Ƙanƙara kaɗai, miliyan goma sha biyar. Da na haɗa da asarar sala da ragin masu takalmi, na ce gaba ɗaya abin da auren ya ci ya doshi biliyan.

Gwaggo ba wawiya ba ce. Ta san abin da na yi, na ga ta sani. Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu ta cusa a bakin zani.

"Biliyan kika ce?"

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin ba sai an faɗa ba."

Kafin magariba unguwa ta ji cewa an fasa sala saboda ba za ta ɗauki jama'armu ba, kuma auren biliyan ba a matse shi tsakanin bango huɗu. Ba wadda ta tambaye ta da tsohon ko da sabon. Gwaggo ba a yi mata wannan tambayar.

Dillali ya zo Asabar kamar yadda aka yi. Yaya ya ba shi shayi da haƙuri, ya kuma kai shi bakin titi a rakshar da ya zo saya.

An yi biki a rumfa. Iska ta ɗaga gefe ɗaya aka danne da duwatsu. Tire biyar suka zo daga Umdurman, da ruwan sanyi daga firijin Hajiya. Kawu ya zauna a layin gaba, aka yi ta zuwa ana gaishe shi a matsayin wanda ya ba da miliyan biyu, yana cewa ai ba komai, yi wa kai ne. Dubu biyun nasa gawayi aka saya da su, an kuma ƙara.

Kwana uku bayan biki na ji ƙarar ruwa a bokiti da sassafe, sannan tarin injin da ya saba yi kafin ya kama. Na fito da jakar makaranta. Carbin Baba ya koma madubi. Yaya ya kai ni inda ake hawa motar Khartoum, na sauka, ya miƙo hannu.

"Kuɗin mota, Ustaza. Miliyan ɗaya."

"Da tsohon ko da sabon?"

"Bar shi," ya ce, yana juya kan raksha wajen wata mata da ke ɗaga masa hannu da kwandon cefane. "Kawu zai biya."